Matambayi Ba Ya Ɓata: Ɗan Sandan Indiya Mai Waƙa da Mutanensa Parsawa

Jama'a, assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce, ina cikin amsa wa wani mai karatu da ya tambayi ko marubuci zai iya cin abinci da alƙalaminsa kaɗai, sai na jefa sunan Keki Daruwalla a layi ɗaya tak. Cewa na yi ga mutumin da ya shekara 37 yana yi wa gwamnatin Indiya aiki, da farko cikin kakin ɗan sanda, daga baya a ofishin leƙen asiri, amma bai taɓa ajiye waƙa ba. Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo. Saƙonnin da suka shigo a kansa sun ninka na asalin tambayar. Na zaɓi huɗu, na rage musu tsawo, na kuma cire sunayen duka tunda biyu daga cikinsu sun roƙi haka.

TAMBAYA: Malam, ni sufeton 'yan sanda ne, shekarata 14 a aiki. Ina rubuta waƙa a wani ɗan littafi da ba ya barin aljihuna. Ko maiɗakina ba ta sani ba, balle abokan aiki, don in suka ji sai na zama abin dariya a bariki. Da gaske akwai ɗan sandan da ya yi suna da waƙa? To me yake rubutawa, yabon manyansa? (Daga Gusau)

AMSA: Yallaɓai Sufeto, Allah ya ƙara girma. Da gaske ne, kuma ban taɓa cin karo da baiti ɗaya nasa na yabon wani oga ba.

An haifi Daruwalla ran 24 ga Janairun 1937 a Lahor, birnin da yanzu yake cikin Pakistan. Mahaifinsa malamin kwaleji ne. A 1945, saura shekara biyu a raba ƙasar gida biyu, iyalin suka tashi zuwa Junagadh, daga can kuma Rampur, sai yaro ya tashi yau wannan makaranta gobe waccan, yau wannan harshe gobe wancan. Ya yi digiri na biyu a adabin Ingilishi a Ludhiana, ya shiga aikin 'yan sanda na tarayya a 1958 yana ɗan shekara 21, aka tura shi Uttar Pradesh, jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Indiya. Sai da ya yi shekara 12 cikin kaki kafin diwaninsa na farko, Under Orion, ya fito a 1970. Ka ga ke nan kai ma ba wani latti ka yi ba.

Ni kuwa a ƙasan kwali na tsince shi. 'Yan zamaninmu sun san lokacin da makarantun sakandaren Arewa suke cike da malamai Indiyawa. Namu na Turanci mutumin Kerala ne, da zai koma gida ya bar mini kwalin littattafai da ya fi ƙarfin kuɗin awon jirgi. A ciki akwai wani ɗan tarin waƙoƙin mawaƙan Indiya goma da aka buga a 1976. Ni a lokacin Indiya ɗaya na sani, ta silima: fure, rawa, ruwan sama, saurayi na bin budurwa a bayan itace. Na buɗe littafi sai ga warin gumi da hayaƙin taya. Daga nan na shiga farautar sauran waƙoƙinsa.

Bari in ba ka labarin guda ɗaya, wadda ya sa wa suna Routine, wato aikin yau da kullum. Da ƙafa ya fara. Ka san naɗin ƙyallen nan da sojoji da 'yan sandan zamanin Turawa suke yi daga idon sawu zuwa gwiwa? Ya ce Turawa sun tafi sun bar musu shi, ga zafin watan Yuni, naɗin ya zama kamar wuta a ƙwauri, hular kwano tana dafa ƙwaƙwalwa, kwalta ta narke tana kama takalmi. Rukunin 'yan sanda ɗaya ne, masu tarzoma kuwa dubu, yara ne suna ƙona motocin dogo na cikin gari, suna ɗura musu ashar ta uwa ta 'yar'uwa. Na kusa da shi a sahu yana ƙunƙuni, yana cewa shi fa yana da 'ya'yan da suka girmi waɗannan. Aka yi gargaɗin da kowa ya san ba mai ji. Aka ba da umarni. Kowa ya ɗaga bindiga sama ya harbi rana, sai mutum ɗaya, mai ba mu labarin, shi ne ya saita cikin taro, kuma ya gaya mana cewa haka aka tsara tun farko. Taro ya watse. Aka zo aka ɗauki gawa zuwa mutuware, aka ja ƙonanniyar mota. Suka koma bariki a gajiye, jiki a mace. Da yamma wani shugaba ya fito a rediyo yana sanar da cewa ƙasa tana ci gaba.

Nan waƙar ta tsaya. Ba tuba, ba kare kai, ba wa'azi. Kuma da “ni” aka rubuta ta. Ban ce mawaƙin ne ya harbi wani da hannunsa ba, muryar cikin waƙa daban, mai alƙalami daban. Amma ya zaɓi ya tsaya a bayan kunamar bindiga maimakon ya laɓe a cikin 'yan kallo, kuma wannan zaɓin ba na matsorata ba ne.

Akwai wata kuma a kan dokar hana fita a garin da tarzoma ta ci. A watan Fabrairun 2000 na kwana uku a ɗakin wani aboki a Kaduna, mu shida, ba mai ko tari, muna kallon hasken fitilar motar sintiri yana shigowa ta ƙasan ƙofa yana wucewa. A tunanina na lokacin, tsoro duk namu ne, mu na bayan ƙyaure. Waƙar Daruwalla daga cikin motar take kallo, kuma ta nuna mini cewa su ma na ciki hanjin cikinsu a kaɗe yake, kowane soro suna zaton mutum, kowace jita-jita suna bin ta a guje. Kai ka san wannan, Sufeto. Ni ban sani ba sai da aka rubuta mini.

Daga baya an ɗauke shi daga titi zuwa Delhi. Ya yi aiki a hukumar leƙen asirin ƙasashen waje ta Indiya, ya zama mataimaki na musamman ga firaminista kan harkokin duniya a 1979, ya yi ritaya a 1995 yana shugaban kwamitin da ke haɗa bayanan sirri na ƙasar. Yana tsakiyar wannan aikin ne Sahitya Akademi, majalisar adabi ta Indiya, ta ba shi lambar yabo a 1984 saboda diwaninsa The Keeper of the Dead. Ya rasu a Delhi ran 26 ga Satumban 2024 yana da shekara 87. A nawa ɗanɗanon, waƙoƙin lokacin kaki sun fi na lokacin ofis jini a jika. Da ya zauna kan kujera sai ya koma tarihi, Farisawan da da Girkawa, masu zanen taswira da matuƙan jiragen ruwa. Suna da kyau, amma ba kwalta a takalminsu.

Game da littafin aljihunka: kada ka yi yabo, maroƙa sun ishe mu. Rubuta abin da idonka ya gani a kantar caji ofis da ƙarfe biyun dare, wanda ni da ke kwance a gida ba zan taɓa gani ba. Kafin ka buga wani abu da ya taɓa aiki, duba abin da dokar aikinku ta ce, kada in ja maka kwari. Amma Hajiya dai a karanta mata guda ɗaya. Ɓoye wa mace littafi a aljihu, ranar da ta tsinta wajen wanki ba waƙa za ta fara zato ba.

TAMBAYA: Malam, ka ce mutumin nan “Parsi” ne. Ni a fina-finan Indiya Hindu na sani, da Musulmi, da masu rawani. Su wane ne kuma Parsi? Wani ya ce mini su ne Majusawa masu bautar wuta, wai har ungulu suke ba gawarsu. Gaskiya ne? (Daga Damagaram)

AMSA: Hajiya, wanda ya gaya miki ya kama bakin zaren, sai dai akwai gyara.

Parsawa mabiya addinin Zaradusht ne, addinin Farisa kafin Musulunci, su ne waɗanda littattafanmu suke kira Majusawa. Sunan ya zo a Alƙur'ani sau ɗaya, a Suratul Hajji aya ta 17. In kin tuna tarihin Salmanul Farisi, Allah ya ƙara masa yarda, a gidan Majusawa ya tashi yana kula da wutar da ba a bari ta mutu, kafin ya fita neman gaskiya. Masana tarihi da dama ma suna ganin daga wannan kalmar aka samo “Maguzawa” tamu. Bayan faɗuwar daular Farisa, wasu daga cikinsu suka hau jiragen ruwa suka sauka a Sanjan, gaɓar Gujarat, fiye da shekara dubu da suka wuce. Mutanen wurin suka kira su Parsi, wato mutanen Farisa. Suna da wani labari da suke ba 'ya'yansu: wai sarkin wurin ya aiko musu da ƙwaryar madara cike taf, ma'ana ƙasata ba masaka tsinke. Malaminsu ya zuba sukari a ciki ya mayar, madara ba ta zube ba, ta ƙara zaƙi. Tatsuniya ce ta baka, amma a kanta suka gina zamansu: a narke, a yi amfani, kada a cika wa mai gida ƙwarya.

Gyaran shi ne, in kika ce musu masu bautar wuta ba za su amsa ba. Su a faɗarsu abin bauta ɗaya ne, Ahura Mazda, wuta kuwa alamar tsarki ce da suke fuskanta wajen addu'a. Na kawo miki abin da suke faɗa ne, ba hukunci na yanke ba.

Kin gan su a fim, ba ki dai sani ba. Boman Irani, dattijon nan da ya fito a matsayin shugaban kwaleji mai tsanani a 3 Idiots, ɗan wannan addinin ne. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, Ardeshir Irani ne ya yi shi, kuma salon sa waƙa da rawa a tsakiyar labari daga kamfanonin wasan daɓe na Parsawan Bombai (Mumbai ta yanzu) silimar Indiya ta gaje shi. In kin taɓa shiga motar Tata, ta gidan Parsawa ce. Sunayensu ma irin namu ne, na sana'a. “Wala” kamar “mai” ne a Hausa, irin su Maigoro da Maishanu. “Daru” a Farisanci magani ne, a harsunan Indiya kuma giya. Wato dai babban ɗan sandan nan sunan gidansu Maimagani, ko kuwa, in ba a yi kara ba, Maigiya.

Amma fa 'yan kaɗan ne, kaɗan ɗin da ke ba su tsoro. Ƙidayar Indiya ta 2001 ta same su 69,601, ta 2011 ta same su 57,264, a ƙasar da ta haura mutum biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu a lokacin. Ba sa yin aure da wuri, ba sa haihuwa da yawa, kuma a al'adarsu ba sa karɓar wanda ba a haifa a ciki ba. Har sai da gwamnati ta fito da shiri a 2013 mai suna Jiyo Parsi don tallafa musu su haihu.

Zancen ungulu gaskiya ne. A aƙidarsu gawa ƙazanta ce, ƙasa da ruwa da wuta kuwa masu tsarki ne, don haka ba a binnewa, ba a ƙonawa. Sai a kai ta saman wani gini mai da'ira da babu rufi, wanda suke kira dakhma, a bar wa rana da tsuntsaye. Mafi shahara yana kan tudun Malabar a Mumbai, unguwar masu hannu da shuni. To a shekarun 1990 ungulayen Indiya suka fara mutuwa tuli-tuli, har fiye da kashi 95 cikin ɗari suka ƙare. Da aka bincika, ashe maganin ciwon jiki ne, diclofenac, da ake yi wa shanu allurarsa, in ungulu ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace. Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma aikin gama ya gama. Ni ma da nake wannan rubutu na rasa ranar da na ga ungulu a kwatar garinmu, alhali muna yara korar su ake da dutse.

A nan ne waƙarsa Fire-Hymn take shigowa, kuma ita ce na fi jin nauyinta. Yaro yana tafe da mahaifinsa ta bakin kogi inda 'yan Hindu suke ƙona gawa. Wuta ta mutu ba ta gama aikinta ba, ga yatsu nan a toka. Uban ya ce masa wani lokaci wuta tana mantawa. Yaron, da yake ɗan gidan masu girmama wuta ne, ya damƙe hannu ya yi rantsuwa zai tsare ta daga laifin mantuwa. Bayan shekara ashirin, ɗansa na fari ya rasu, dakhma mafi kusa tana da nisan mil dubu. Da hannunsa ya miƙa wa wuta gawar ɗan, abin da addininsa ya hana. Ya ji kamar wutar ta ce masa an yafe maka, shi kuwa a karye, a fusace, ya sake rantsuwa cewa wannan karon daga laifin yafiya zai tsare ta.

Hajiya, in kina son sanin me ake nufi da zama tsiraru, ga shi nan ba tare da an yi zancen siyasa ba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Kawai dai ranar da ya fi bukatar mutanensa, babu ko isassun da za su yi wa ɗansa jana'iza irin tasu.

TAMBAYA: Malam, ka yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Mutumin da ya yi aikin 'yan sanda a Uttar Pradesh, ya koma leƙen asiri, ta yaya zai zama muryar tsiraru? Parsawa masu kuɗi ne, ba wanda yake taɓa su. Musulmin Indiya su ne ake kashewa. Me ya rubuta a kansu? Ko dai ana wanke shi ne don ya iya Turanci? (Ɗalibar jami'a, Kano)

AMSA: 'Yata, ba haƙurin da za ki ba ni, wasiƙarki ce ta hana ni barci. Rabin maganarki na karɓa.

Gaskiya ne tsiraru suna suka tara. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi kashi 14.2 cikin ɗari ne na Indiya, mutum wajen miliyan 172, amma rahoton kwamitin Sachar na 2006 ya gano cewa a manyan jami'an 'yan sanda na tarayya, wato sahun da Daruwalla ya shiga, kashi 4 kacal suke da shi. Kuma a jihar da ya fara aiki ne, a Hashimpura ta garin Meerut, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka kwashe Musulmi a mota a watan Mayun 1987 suka harbe mutum 42 a bakin magudanan ruwa. Sai a 2018, bayan shekara 31, Babbar Kotun Delhi ta ɗaure 16 daga cikinsu rai da rai. Shi ya daɗe da barin jihar kafin wannan, amma kakin dai shi ne kakin. Parsawa ba su ga irin wannan ba. Wani mawaƙin Parsi ma, marigayi Gieve Patel, wanda ya yi aikin likita a Bombai, ya yi waƙa yana yi wa kansa ba'a a kan haka, taken ta kaɗai ya isa: makomar Gieve Patel mai harshen damo, shi da ba Musulmi ba, ba Hindu ba, a Indiya. Ana yanka juna dama da hagu, shi ko ƙiyayyar ba a sa shi a ciki ba.

Inda na rabu da ke shi ne kalmar “murya”. Ni ban ce shi muryar Musulmin Indiya ba ne, shi ma ban ga inda ya ce haka ba. Suna da nasu masu magana, su Kaifi Azmi da Sahir Ludhianvi a Urdu, su Agha Shahid Ali ɗan Kashmir a Ingilishi. Daruwalla shaida ne. Kuma shaidar tasa tana da daraja ne saboda abin da kike zarginsa da shi: ba ɗan kowane ɓangare ba ne, an ba shi bindiga an ce tsaya a tsakiya.

Dubi waƙarsa Death by Burial. Mutanen ƙauye sun kama 'yan fashin da suka addabe su, suka yi musu dukan kawo wuƙa, suka cusa su a buhu suka ɗinke. Har nan kan kowa a haɗe yake, ba mai cewa a kai su caji ofis. Sai aka zo kan yadda za a ƙarasa su. Ƙauye rabi Hindu ne rabi Musulmi, rabi suna ihun a ƙona, rabi suna ihun a binne, kuma wannan ya isa ya ta da sabuwar tarzoma. Na farko dariya za ki yi, sai daga baya ta maƙale miki a wuya. Wa zai iya rubuta wannan? In Hindu ne a ce ya ci zarafin Musulmi, in Musulmi ne a ce ya taɓa Hindu. Sai mutumin da mutanensa ba sa binnewa kuma ba sa ƙonawa.

Ba a waƙa kaɗai ya tsaya ba. Daga 2011 zuwa 2014 ya zauna a Hukumar Kula da Tsiraru ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta kafa domin Musulmi da Kirista da 'yan Sikh da mabiya Buddha da Parsawa, aka ƙara da 'yan Jain a 2014. Yana cikin tawagar da hukumar ta tura Kokrajhar ta jihar Assam a 2012, lokacin da rikici tsakanin 'yan ƙabilar Bodo da Musulmi masu jin Bengali ya raba mutum wajen 400,000 da gidajensu. A 2015 kuma, cikin wata ɗaya aka yi abu biyu: ran 30 ga Agusta aka harbe masanin adabi M. M. Kalburgi a gidansa a Dharwad, ran 28 ga Satumba kuma gungun mutane suka kashe Mohammad Akhlaq a yankin Dadri bisa jita-jitar yana da naman saniya a gida. Marubuta da dama suka mayar wa Sahitya Akademi lambobinta. Daruwalla, yana da shekara 78, ya mayar da tasa ta 1984 a watan Oktoba, hujjarsa ita ce majalisar ba ta tsaya wa marubutan da ake yi wa barazana ba, alhali Kalburgi ma nata ne, ta taɓa ba shi lamba.

Za ki ce a lokacin ya riga ya ci fanshonsa na shekara 20, me zai rasa? Wannan ma gaskiya ne. Jarumtar bayan ritaya ba ta kai ta mai tsoron a kore shi gobe tsada ba. Amma nawa ne a cikin manyanmu da suka yi ritaya suka mayar da ko da tabarma? Abin da ba zan yi ba shi ne in wanke miki shekarunsa na ofishin sirri. A waƙoƙinsa da na karanta ban ga ƙofar wannan ofishin a buɗe ba. Titi ya ba mu, ambaliyar kogin Ghaghra ya ba mu, annoba ya ba mu, wancan ɗakin kuwa ya tafi da makullinsa.

In kina son ganin yadda yake kallon mai mulki Musulmi da talakawa Hindu, nemi ƙagaggen labarinsa Ancestral Affairs na 2015. Lauya ne Parsi yake ba sarkin Junagadh shawara a 1947, lokacin da sarkin ya zaɓi shiga Pakistan alhali yawancin jama'arsa Hindu ne, ya ƙare da gudu zuwa Karachi, aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1948 ƙasar ta koma Indiya. Garin ƙuruciyar marubucin ne. Nan ma Parsin yana tsaye a tsakiya, yana ba da shawarar da ba a ɗauka.

TAMBAYA: Malam, me ya sa bai yi waƙa da yarensu ba sai Turanci? Ni ina ganin wanda ya bar harshen uwa ya bar gida. (Malamin makaranta, Zangon Kumasi)

AMSA: Malam, mutumin zango da kansa yake wannan tambaya? Wane ne harshen uwar? Kakanninsa Farisanci suka zo da shi, suka ajiye suka ɗauki Gujarati. Addu'o'insu da Avesta ake yi, harshen da ba mai cinikin albasa da shi yau. Shi kuma an haife shi a ƙasar Punjabi, ya yi wani ɓangare na ƙuruciya a ƙasar Urdu, ya yi aiki a ƙasar Hindi. Ingilishi ne kaɗai ya bi shi duk inda ya je. Yana da waƙa ma da ya kamanta Ingilishin Indiya da wata mace ruwa-biyu da yake so duk da an raina asalinta.

Ka lura da wani abu. Cikin waɗanda suka kafa rubutacciyar waƙar Ingilishi a Indiya bayan 'yanci, tsiraru sun yi yawa fiye da lissafi: Nissim Ezekiel Bayahude ne, Dom Moraes da Eunice de Souza 'yan Katolika ne, Adil Jussawalla da Gieve Patel da Daruwalla Parsawa ne. Ina zaton wanda ba shi da jihar da zai ce tasa ce, shi ya fi saurin kama harshen da ba na kowace jiha ba. Ba hujja ba ce gare mu, mu da muke da harshen da ake cinikin goro da shi daga Kumasi har Khartum.

Na taɓa riƙe bugun farko na irin littattafan gidan ɗab'in da ya fitar da diwaninsa na 1970, Writers Workshop na Kalkata, wanda wani malami P. Lal yake gudanarwa daga gidansa. Bangon ba kwali zalla ba ne, ƙyallen sari ne saƙar hannu aka lulluɓa, har da bakin zanen a gefe. In za ka nema, kada ka wahalar da kanka da waɗannan, sun yi wuya. Akwai kundin da ya haɗa waƙoƙinsa daga 1970 zuwa 2005, bugun Penguin, shi za ka sa a cigiya. Ka fara daga shafukan farko.